Ranar da Muka Ci Tumun Baban Nomau

Lahadin da ta wuce aka sa ni na tashi tsaye a tsakiyar majami'a, ni da gwiwoyin nan nawa da ba sa son tashi, aka yi ta tafa mini, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi a baki ba. Wani saurayi aka turo mana daga Madawa, wai shi ne shugaban matasan yankinmu, da tirikonsa mai rubutu a ƙirji, da sononsa, lasifikar nan mai ƙarar da ta kori awakin unguwa. Ya riƙe mikoro ya nuna ni ya ce: "Kun ga tsohon nan? Suna samari, shi da abokansa suka shiga gonar wani matsafi suka cinye hatsin da aka ce duk wanda ya taɓa sai ya mutu. Ga shi nan da ransa! Ku yi koyi da shi!" Yara suka ɗaga portabul suna ɗaukar hotona. Kai, jama'a! Wa ya ba shi labarin? Wa ya gaya masa abin tafi ne? Ko gidana bai taka ya gaishe ni ba, balle ya tambaye ni yadda aka yi. Na koma na zauna, don abin da ke bakina a lokacin ba na faɗi a ɗakin sujada ba ne. To yanzu zan faɗa, kuma yadda ya faru zan faɗe shi, domin a cikin labarin nan akwai ɗa da ubansa, kuma ni na raba su.

Lokacin da nake magana, mu masu bin Almasihu a garinmu ba mu cika tabarma huɗu ba. Garin yana gindin duwatsu tsakanin Buza da Madawa, yawancin mutane Musulmi, sai ƴan gidaje da suka rage a kan addinin kakanni, waɗanda ake ce wa Azna. Majami'armu rumfar kara ce, kowace kaka mu muke sake yi mata zana. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar kamyo ne, babbar motar kaya, da aka rataya a jikin aduwa, in aka buga shi da safe har masu kiwo a kan dutse suna ji. Mai bisharar da ke kula da mu muna ce masa Malam, wani siririn mutum mai ƙaramar murya, wanda ke noma gonarsa da hannunsa kamar kowa. Shi ya tara mu, samari tara da ƴan mata huɗu, ya ce mu ne zumuntar matasa. Ba riga iri ɗaya, ba tafiya taro a mota, ba abinci a leda. Ran Asabar da hantsi mukan hallara bakin rijiya, rijiyar da in ka leƙa sai ka ga ruwan kamar ƙwayar ido, mu ja guga har igiya ta saɓule mana tafin hannu, mu cika randunan tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu. Dangar wa ta faɗi, mu tayar. Wa ya rasu, mu ɗauki dagi mu tafi haƙa, Musulmi ne ko Azne, in aka zo salla mu ja gefe mu tsaya. Sai bayan nan Malam ke zaunar da mu a inuwa ya koya mana karatu da waƙa, ƴan mata na kaɗa ƙwarya a cikin ruwa, daga cikin gari kuma ana jin luguden mata yana amsa mana. Yakan ce: "Wanda bai gaida maƙwabcinsa da safe ba, kada ya buɗe mini baki da waƙa."

Yanzu fa? Yanzu yaro zai wuce ka da abu toshe a kunne, in ya ga dama ya jefo maka "bonjur" daga nesa kamar yana jefa wa kare ƙashi. Ka tambaye shi tsohuwar da ke bayan majami'a wa ke ɗebo mata ruwa, bai ma san da ita ba. Amma a ce taro, a ce tsalle, a ce a juya bakin sono wajen unguwar maƙwabta don su ji muna nan, to nan ya fi auki. Ba na cewa mu mun fi su hankali, za ku ji irin namu hankalin yanzu. Abin da muka fi su shi ne muna da wanda in mun yi wauta zai kira ta da sunanta. Su kuwa an ba su wanda zai ɗauki wautar kakanninsu ya yi mata ado ya ce su kwaikwaya.

A cikinmu akwai Nomau, abokina tun muna kiwon awaki. Dogo ne, marar yawan magana, in ya kama hauya sai ka tausaya wa ciyawa. Shi ne ɗan fari a gidansu, kuma ubansa Azne ne na gaske, mutum mai kwarjini wanda ko liman in ya zo wucewa sai ya tsaya sun gaisa. A gidan akwai al'ada. In gero ya nuna, ba mai taɓa ko zangarniya ɗaya, ko yunwa za ta kashe shi, sai ranar da maigida ya sa. Ranar zai je gindin wani dutse a ƙarshen gona inda kakanninsa suka saba, ya yanka jan zakara, sannan ya yanko zangarniyoyi da hannunsa ya miƙa wa ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Ta farko ta ɗan fari ce. Daga nan kowa ya gasa tumu ya ci. Da Nomau ya ce zai bi Almasihu, kowa ya zaci tsohon zai kore shi. Bai kore shi ba. Malam ya je da kansa ya durƙusa a ƙofar gida, suka daɗe suna magana, a ƙarshe tsohon ya ce: "Malam, yaro ya ce ya ga hanya, ni ban hana shi ba. Kada shi zo wurin yanka, kada shi ci naman, na yarda. Amma hatsina kada shi taɓa sai na ba shi da hannuna. Shi na ɗana na hwari." Malam ya ce wannan ba ta saɓa wa komai ba, ɗa ya karɓi hatsi daga hannun ubansa ya gode wa Allah. Shekara biyu ana haka lafiya lau. Ina tambayarku, a uba nawa za a samu wannan sauƙin kai?

A shekara ta uku aka yi mana baftisma. Sai ƙarshen damina ake yi, lokacin da tabkin bayan gari ya cika, kuma lokacin ne yunwa ta fi cizo, rumbuna sun ƙare, kowane gida tafasa da dussa ake ci, gero kuwa ga shi nan tsaye a gona ya fara nuna yana kaɗa kai. Wani fasto ya zo daga birni ya shigar da mu ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin ranar nan, na fito ina jin kamar an sauke mini dami daga ka. Da aka gama, Malam ya tafi raka baƙo bakin hanyar mota, ya ce mu wuce gida. Muka kama hanya da jiƙaƙƙun riguna muna waƙa, kuma hanyar ta bi ta gefen gonar baban Nomau.

Ni na tsaya. Ni ne mai bakin a cikinmu, wanda ya fi kowa haddace abin da aka koya, wanda ya fi kowa ɗaga murya a addu'a. Na dubi geron nan, cikina yana kuka, kaina kuma ya kumbura da abin da na ɗauka bangaskiya ce. Na ce yau ya kamata gari ya san ba ma tsoron dutse ko zakara. Wata yarinya a cikinmu, wadda daga baya ta zama uwar ƴaƴana, ta ce: "Ku bari mana, ba gonarku ba ta." Na yi mata dariya. Nomau ya ce mu wuce. Sai na juya kansa, a gaban kowa, a gaban ƴan mata, na ce: "Nomau, yanzu anka hiddo ka daga ruwa, ko ruwan bai kai zuciya ba? Har yanzu tsoron jan zakaran Baba kake ji?" Ya ce: "Ba tsoro ba na, alkawali na." Na ce haka matsorata ke cewa. Na ce in da gaske ya bar tsafi, to shi zai fara karya. Sauran suka kama, suna ta "Karya! Karya!" Ina ganin fuskarsa har yau. Ya tsaya ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya dube ni, ya dubi gonar, sannan ya shiga ya kama zangarniya ya karya. Muka yi ihu kamar mun ci yaƙi. Muka tara kirare, wani ya fito da ashana, muka babbaka, muka murje a tafin hannu muna hurawa muna watsawa a baki. Yarinyar nan ta ƙi ci, ta ja sauran ƴan matan suka yi gaba abinsu.

Hayaƙin ne ya kira tsohon. Ba mu ji zuwansa ba sai da muka ga mutum tsaye a kanmu da gatari a kafaɗa. Bai yi ihu ba, bai ɗaga gatarin ba, da ma ya ɗaga. Ya dubi tokar, ya dubi karan da aka karya, ya dubi bakin ɗansa da ya yi baƙi da gawayi. Ya ce: "Nomau, wa yab ba ka?" Nomau ya sunkuyar da kai. Ni sarkin rashin kunya na buɗe baki na ce: "Baba, mu yanzu ba mu tsoron komi." Ko kallona bai yi ba, ya ce: "Ba da kai nike ba." Ya sake cewa ɗansa: "Kwana ukku sunka rage, Nomau. Ukku. Ba ka iya jira na?" Ya juya ya tafi. Wannan shi ne matsafin da aka ce mun ci da yaƙi. Bai taɓa cewa wanda ya ci zai mutu ba, wannan ƙarin gishirin masu mikoro ne. Mutum ne da ke son ya ba ɗansa hatsin farko da hannunsa.

Mun isa wurin Malam da la'asar muna tsammanin yabo, ni ne ma na ba da labarin ina ƙara masa armashi. Ya saurara har na gama. Ya ce: "Gonar wa?" Muka faɗa. "Ya ba ku?" Muka ce a'a. "To me ake ce wa wanda ya ɗauki abin mutum ba a ba shi ba?" Ban taɓa ganin mutumin nan cikin irin wannan fushi ba sai ranar. Ya ce: "Ɓarawo ake ce masa. Da safe aka shigar da ku ruwa, kafin la'asar kun zama ɓarayi, kuma kun rataya wa Ubangiji satar. Ni na durƙusa a ƙofar mutumin nan na ba shi bakina. Kun mai da ni maƙaryaci, wannan ba komai. Amma kun san abin da kuka yi wa yaron nan?" Ya nuna Nomau, wanda ke zaune a gefe. Na fara cewa ai tsafi ne, Malam ya daka mini tsawa ya ce in rufe masa baki, ya ce yunwa da son a gan ni su suka kai ni gonar, kada in ƙara ambatar sunan Allah a kai.

Washegari da safe ya kora mu gaba, mu tara, har ƙofar gidan tsohon. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa, muka durƙusa a bayansa, mutanen unguwa suna kallo. Tsohon ya fito ya ce: "Malam, tashi, kai ba ka yi mini komi ba. Waɗanga ɗiyan mutane na, ban da magana da su. Nawa guda na. Tun da ya iya ba kansa, ba shi bukatata. Shi nemi inda za shi kwana." Malam ya yi roƙo, liman ya sa baki, maigari ya sa baki, tsohon bai motsa ba. Nomau ya koma ɗakin Malam. Kowace safiya yakan je ƙofar gidansu ya durƙusa ya ce "Baba, ina kwana," tsohon ya wuce shi kamar ya wuce turmi. Wata biyu yana haka. Da aka gama kaka, samarin gari suka ɗaure kaya za su tafi bidar kuɗi Abijan kamar yadda mutanenmu suka saba, Nomau ya bi su. Sauran suka dawo da ruwan farko, shi bai dawo ba.

Ni kuwa Malam ya kira ni ya ce: "Ka raba mutum da hannun da ke masa noma. Sai ka ba shi naka." Haka na shiga gonar baban Nomau, damina uku. In na gama aikin gidanmu in ɗauki hauya in tafi. Ranar farko na zaci zai kore ni, bai kore ni ba, bai kuma yi mini magana ba. Da bakin gatari yake nuna mini inda zan kama. In an kawo fura, matarsa, innar Nomau, takan ajiye mini tawa ƙwaryar a nesa ta koma ba ta dube ni ba. Kuma duk lokacin da gero ya fara nuna sai in ɗauke ƙafa, ban yarda ko inuwata ta faɗa gonar ba har a buɗe. A can na koyi abin da na sani na bin Allah, a bayan tsohon da ba ya amsa gaisuwata, ba a wurin tsalle ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana koya wa yara cewa bangaskiya ita ce ka taka abin da wani ke girmamawa ka ga ko za ka mutu. To ba ka mutu ba, sai me? Wa ya ce maka kai ne za ka biya? Mu tara muka ci, takwas muka koma gidajen iyayenmu muka ci tuwo muka yi barci, muka yi aure, wasunmu har suka zama dattawan ikilisiya da ake kira su tashi a tafa musu.

A damina ta ukun tsohon ya kwanta ciwo. Wata rana ina ƙofar gida na kawo itace, innar Nomau ta ce yana kira na. Na shiga na tarar da shi a kan tabarma ya rame, ya koma ƙashi da ido. Maganarsa ta farko gare ni a cikin shekara uku ita ce: "Kai mai karatu, taho da takarda." Na ruga wurin Malam na karɓo takarda da bik na rubutu, na dawo. Ya ce: "Ka ce mishi hatsi ya kusa nuna. Ka ce shi taho." Na ce shi ke nan, Baba? Ya ce: "Ya san sauran." Na rubuta, na kai Madawa da ƙafa ran kasuwa, na ba wani direban kamyo da ya san inda mutanen garinmu ke sauka. Amma takarda a wancan zamanin daga hannu zuwa hannu take tafiya, ta kwana nan, ta yi sati can, kuma Nomau ya bar unguwar da aka san shi. Gero ya nuna, aka buɗe gona, aka yi girbi, tsohon yana kwance yana tambayar duk wanda ya shigo ko an ga mota ta tsaya bakin hanya. Ana ɗinkin rumbu ya rasu. Mu muka haƙa masa kabari.

Bayan sati uku Nomau ya iso. Ina gidan ina gyara musu danga na ga mutum ya shigo da jaka a kafaɗa, ya yi duhu, ya tara ƙasumba, takardata a hannunsa ta yi laushi don ninkewa. Tun daga bakin hanya an gaya masa. Innarsa ba ta yi kuka ba. Ta kama hannunsa ta kai shi ƙofar ɗakin ubansa, ta shiga, ta hau turmi ta zaro wani abu daga jikin jinka. Zangarniya huɗu ne, uku sun yi baƙi da hayaƙi, ɗaya sabuwa. Ta zuba masa a hannu ta ce: "Naka na. Kowace shekara shi kan hwara yanke taka, shi soke nan, kana shi ba ƙannenka. Ta bana a kan jaki anka kai shi gona, ya ce ba mai yanke ta sai shi."

Nomau ya zauna a ƙasa. Ya ɗauki mafi tsufa ya murza a tafin hannu, ba abin da ya fito sai gari da ƙwari. Ya murza ta biyu, haka. A ta bana ya samu ƙwaya, ya hura, ya zuba a baki ɗanya, yana tauna hawaye na sauka cikin ƙasumbarsa. Ina tsaye da igiyar danga a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Na ce: "Nomau, ka yahe mini." Sai a lokacin ya ɗaga kai ya dube ni. Ya sake murza ragowar, ya miƙo mini tafin hannunsa da ƴan ƙwayoyin a ciki, ya ce: "Ci mana. Ba kai na wanda ba shi tsoron komi ba?"

Na kasa miƙa hannu. Ya daɗe yana riƙe da shi a gabana, sannan ya rufe tafinsa ya shiga ɗakin ubansa. Kwana uku ya yi ya koma Abijan, bai sake taka garinmu ba, kuma waɗanda suka zauna da shi a can sun ce ba su taɓa ganin ya shiga majami'a ba har ya mutu.